Baba Ba Ya Gaisuwa a Kan Mashin

Na Allah ne mu duka, kuma ɗaya bayan ɗaya yake kiranmu. Wannan karon Baba aka kira, mahaifin matata, da hantsin wata Talata, yana kishingiɗe a tabarmarsa yana shan rana a tsakar gida. Ciwon ƙirji ne da ya jima yana kama shi yana saki. Bayan azahar aka yi masa salla, muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Suruki ba ya samun zama a wurin makoki. Ni ne mai ɗauko buta, ni ne mai gyara wa baƙi wuri, saboda haka kusan duk abin da aka faɗa a kan Baba a kunnena aka faɗe shi. Aka yi ta addu'a ana shafawa, ana cewa mutumin kirki ne, irin abin da ake faɗa a kan kowa. Sai wani tsoho, abokin sana'arsa a kasuwar Farin Gada ta nan Jos, ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma ni dai tun muna samari nake ɗaga wa mutumin nan hannu in mun haɗu a hanya, wallahi ko sau ɗaya bai taɓa ɗago mini nasa ba."

Wani ya ce, "Kai ma?" Wani daga can baya ya ce shi har ihu ya taɓa yi masa. Liman, da yake zaune kusa da Baffa, wan marigayin, ya sunkuyar da kai ya ce, "Har ni." Mutane suka riƙa danne dariya da hannun riga, don wurin ba na dariya ba ne. Baffa ne kaɗai bai murmusa ba.

Can gefe a kan benci akwai maƙwabcin Baba, ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan gyaran mashin, wanda duk unguwa ke kira Oga. Tun da aka fito da gawa yake zaune a wurin, hularsa a hannu. Da na kai masa ruwa ya riƙe ni, ya kira ni da sunan sana'ata ya ce, "Tela, wannan Baba ba kostoma mai kyau ba ne. Fitila ba ya fasa, madubi ba ya karya. Birki kawai, kullum birki. Na ce Baba, yi hatsari small mana, mu ma mu ci abinci. Ya ce in jira." Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hular.

A cikin gida kuwa kuka iri biyu ne. Akwai na kowa, akwai na Auta, ƙaramar ƙanwar matata. Ita bayan rashin uba akwai wani abu da ya tsaya mata a wuya. Akwai yaron da take so, mai aiki a wani kemis, kuma Baba ya rasu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da kowa ya sani shi ne Baba ya hau bayan mashin ɗin yaron, ya sauka a rabin hanya. A gidan nan wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma sai na yi bayani kafin wanda bai san Baba ba ya gane nauyinta.

'Ya'ya mata huɗu Allah ya ba shi, babu namiji. Duk wanda ya zo neman ɗaya daga cikinsu, bayan an gama binciken asali da hali kamar yadda ake yi a ko'ina, Baba yana da nasa binciken. Zai ce wa saurayin ya zo da safe da mashin, ya goya shi daga ƙofar gida, su ratsa Farin Gada, su bi ta Daɗin Kowa har Kuru, su dawo. In ya sauka a ƙofar gida, an ba ka. In ya sauka a hanya, sai ka koma ka gyara. Mutane suka yi ta cewa wannan wace irin al'ada ce, ba ta cikin littafi, ba ta cikin gargajiya. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Bayansa za ta riƙa hawa, da goyo a bayanta, da wani a cikinta. In ban hau na ji ba, da wane ido zan ba shi?" Mijin ta biyu yana da mota, ya zaci ya tsira. Baba ya ce mota ma wata rana za ta kwana wurin makanike ya ari mashin, ya je ya aro tun yanzu.

Ni aka fara yi wa, don matata ce babba. Na yi wanka, na sa farar shadda da na ɗinka wa kaina, na wanke mashin har wayoyin taya. Baba ya fito da hular kwano biyu, ya miƙo mini ɗaya. Na taɓa hulata zanna da na sha wahalar karinta, na dube shi. Ya ce, "Cire. Kwalta ba ta san zanna ba." Ya zaga mashin ɗin, ya danna tayoyin da babban yatsa, ya matsa birki, ya gyara madubin hagu da ya karkace, sannan ya yi bisimilla ya hau.

Muna fita titi ya fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya mahaifinka, yaya ƙafar mahaifiyarka da aka ce tana ciwo. Ni kuwa tsoro ya riga ya ɗaure mini harshe. Uban yarinya a bayana, gingimari a gabana, 'yan dako suna tsallaka titi da kwandunan tumatir a ka. Ban ce uffan ba, ban ko juya wuya ba, har Kuru, har muka dawo. Na sauke shi ina cewa a raina shi ke nan, na yi wa dattijo rashin kunya, aure ya fasu. Ya cire hula ya shafa kai ya ce, "Ka turo manyanka." Da muka saba na ce masa ai ranar ba iyawa ba ce, tsoro ne. Ya ce ya sani, yana jin rawar jikina a gwiwarsa. Ya ce mai tsoro yake nema, don mai tsoro ana iya koya masa sauran.

Mahaifin Baba ya zo Jos ne zamanin haƙar kuza, Baba kuma ya tashi a kasuwa, ya zama dillalin kayan gwari. Aikinsa ya je lambunan da ke wajen Kuru ya ga kabeji da karas tun suna ƙasa, ya yi magana da manoma, ya dawo ya haɗa su da masu saye. Duk a kan mashin. Bai taɓa yin haya da shi ba, amma na tabbata 'yan haya kaɗan ne suka kai shi cin hanya. Mashin yakan tsufa a ƙarƙashinsa ya mutu mutuwar Allah, fentinsa ya koɗe amma babu lotsewa ko ɗaya. Kuma bai taɓa zuwa ko'ina da wuri ba. In an yi suna, Baba zai iso an gama rabon goro. In an yi biki, zai tarar da ƙanzo. Abokansa suna tsokanarsa suna cewa mashin ɗin Baba da jaki tafiyarsu ɗaya, sai dai jaki ba ya shan mai. Bai taɓa jin haushi ba, kuma bai taɓa ƙara gudu ba.

Yakan zo shagona a Daɗin Kowa ya zauna a bakin ƙofa yana kallon titi kamar mai kallon ƙwallo, ni ina taka keken ɗinki yana sharhi. "Tela, dubi wancan, zai karya hagu bai sa sigina ba." Kafin in ɗago kai motar ta karya. Na ce Baba, duba kake yi? Ya ce taya yake kallo. "Fuskar direba tana ƙarya. Zai kalle ka ido cikin ido bai gan ka ba, hankalinsa yana gida. Tayar gaba ce ba ta ƙarya, inda ta fuskanta nan za a." A bakin ƙofar nan na koyi yawancin abin da na sani. In kana bayan babbar mota ba ka hango madubinta ba, direban bai san da kai a duniya ba. In ka ga mai keke napep ya rage gudu ba dalili, ya hango fasinja ne, zai tsaya a inda yake ko da tsakiyar titi ne. Motar da ta yi fakin da mutum a ciki, ƙofarta tana jiranka. Ruwan farko ya fi kowane ruwa santsi, don shi yake tada man da ya kwanta a kwalta duk rani. Ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir a titin Farin Gada, ya ce, sun kayar da mutanen da gingimari bai kayar ba, in ka taka su kada ka taɓa birkin gaba. Fitilarsa a kunne take ko da rana tsaka, yara suna bin sa suna "Baba, wutarka!" yana wucewa abinsa.

Abin da ya fi maimaitawa shi ne kada ka yarda da gaskiyarka a titi. In wani ya ce ai hanya tasa ce, shi ya kamata a tsaya wa, Baba zai ce, "Wanda ya fi ka ƙarfe ya fi ka gaskiya har sai kun sauka. Bayan nan ku yi shari'a." Ya ce ka hau mashin kamar ba wanda yake ganinka, kuma duk wanda ke titin bai yi barci jiya ba.

Da Inna, surukata, rigimarsu ɗaya ce tun aurensu, kuma ba ta ƙare ba har ya mutu. Ba ya tada mashin sai ta tattare hijabinta da bakin zanenta ta danne a cinya. Ita kuwa mace ce mai son kwalliyarta ta sauka yadda aka ɗinka ta. Ta ce, "Malam, yanzu haka zan shiga gidan biki duk a yamutse?" Ya ce, "Ki shiga a yamutse da ƙafarki." Yana iya tsayawa a ƙofar gida mashin a kashe, hannu a naɗe, har sai ta gaji ta tattare. Ya taɓa ganin abin da taya ta yi wa wata mata da mayafinta ya shiga, bai taɓa ba mu labarin dalla-dalla ba, ya dai ce ya gani. 'Ya'yansa duka da wannan suka tashi. Matata har a cikin mota tattare hijabi take yi, ba ta ma san tana yi ba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, wanda ya jawo masa suna mai girman kai a wurin waɗanda ba su san shi ba, shi ne rashin gaisuwa. In yana kan mashin ba ya ɗaga hannu, ba ya waiwaye, ba ya amsa kira. Mu kuwa mutane ne da in ka ga babba dole ka saki kan mashin ka jinjina, ka rusuna, ka juya kana tambayar mutanen gida kana tafiya. Baba ya ce wannan ladabin ya cika asibiti. In ya wuce ka a hanya, zai nemi wurin da ya dace ya tsaya, ya tako da ƙafa ya gaishe ka yadda ya kamata. In babu wurin tsayawa, da yamma za ka gan shi a ƙofar gidanka. Sai dai ba kowa ne yake jiran yamma ba.

Baffa bai jira ba. Wata rana yana tsaye a bakin titi wajen kasuwa tare da baƙinsa, manyan mutane da suka zo masa daga nesa, ya hango ƙaninsa tafe. Ya ce musu ga ƙanina nan, bari ku gaisa. Ya ɗaga hannu, ya kira suna, ya sake kira. Baba ya wuce su kamar ya wuce bishiya. Kafin ya sami inda zai tsaya ya dawo, Baffa ya tare mota ya kwashi baƙinsa da kunyarsa sun tafi. Aka daɗe ba sa magana. Baba ya je gidansa ya fi a ƙirga, ana ce masa ba ya nan alhali ga takalmansa a zaure. Ranar da dangi suka zaunar da su, Baffa ya ce shi a gaban baƙi aka wulaƙanta shi. Baba ya durƙusa, da furfurarsa da komai, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Amma tankar mai ce a damana, yarinya mai talla a haguna. Da na ɗago maka hannu a wurin nan, da baƙinka sun kwana suna taya ka karɓar ta'aziyya." Baffa ya ce ya yafe, amma har yau ra'ayinsa bai canja ba, wai taurin kai ne kawai. Baba kuma bai ce ya daina ba.

Na daɗe ina zaton wani hatsari ne ya same shi yana yaro ya mai da shi haka. Wata rana na tambaye shi. Ya ce babu. Ya ce, "Dole sai na faɗi kafin in sani?"

Oga yana da nasa labarin da yake bayarwa duk inda ya zauna. Shekarun baya naƙuda ta kama matarsa da rana tsaka, ana ruwa, shi yana kasuwa sayayya, motar haya ta yi wuya. Baba ne ya ɗauke ta. Ya tafi da ita a hankali yadda ya saba, yana kauce wa ramuka, yana tsayawa a kowace mahaɗa ya duba dama da hagu. Ita kuwa tana dukan bayansa da hannu bibbiyu tana cewa, "Baba, gudu! Zan haihu a nan!" Ya ce mata in ta haihu a nan za a ɗauki mutum biyu da rai, in ya yi gudu bai san nawa za a ɗauka ba. Ta zage shi da yarensu har ƙofar asibiti. Yaron da aka haifa yanzu ya fi ubansa tsawo, kuma har yau uwarsa in ta tashi tsokanarsa Sannu-Sannu take kiransa. Ita ce ta dafa wa masu zaman makoki shinkafa a rana ta biyu, ba wanda ya sa ta.

To, ga yaron Auta. Ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. In ka yi tari a gabansa sai ya yi maka sannu ta ishe ka, in ka shiga kemis ɗinsu zai miƙe tsaye ko da allura ce a hannunsa. Baba yana ƙaunarsa, ba a ɓoye ba, har yakan ce yaron ya sami tarbiyya. Ranar da aka sa masa, ya zo da mashin a wanke, birki lafiya, madubi biyu, hular kwano tasa ta kansa. Suka tafi. Baba ya fara: ina kwana. Yaron ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Ina gajiya. Ya sake juyowa. Yaya mahaifinka. Ya saki hannu ɗaya ya dafa ƙirji. A Daɗin Kowa, daidai shagona, Baba ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya tsaya. Ina kallo ya sauka, ya cire hula, ya ce, "Ɗana, kai mutumin kirki ne, kuma kirkin nan zai kashe mini 'ya. Je ka koyi yadda za ka ƙyale ni, ka dawo." Yaron ya durƙusa a bakin titi yana godiya, idonsa ya yi ja. Baba ya shigo shago ya zauna. Can ya ce, "Zai iya. Zuciyarsa ce take rigan idonsa." Ba a kai ga komawar ba ciwo ya kwantar da shi.

Bayan an watse daga makoki, kwanaki suka ja, maganar ta taso da kanta. Na zaci Baffa, wanda yanzu shi ne waliyyi, zai ce a bar wannan shirme a ɗaura aure. Sai ga shi ya fi kowa kafewa. Ya ce, "Ƙanina ya sauka daga mashin ɗin yaron nan. Ban yarda da al'adarsa ba yana raye, amma ba zan ɗaura abin da ya sauka a kai ba yana kabari." Inna tana takaba, tana ta hawaye. Abin da ya fi karya mini zuciya Auta ce. Yarinyar da muke wasa da ita, kullum tana cewa ɗinkina na tsofaffi ne, ta zo shago ta zauna a inda ubanta yake zama, ta ce, "Yaya, ina son sa. Amma in na aure shi a haka, duk ranar da na hau bayansa zan tuna Baba ya sauka. Ba zan iya ba." Ta rame, ta daina tsokana.

Baffa ne ya kawo mafita, ko in ce ya ɗora mini kaya. Ya kira ni ya ce, "Tela, ni ban san mashin ba. Kai ne ka fara wucewa a hannunsa, kai ka fi zama da shi. Ka hau bayan yaron. In ka sauka a hanya, magana ta mutu. Kuma ka ji tsoron Allah, kada ka yi wa yarinya kara." Na ce to, amma ban ji daɗi ba. Ina son Auta kamar ƙanwata ta ciki ɗaya, kuma na san in yaron ya yi abin sauka, dole in sauka.

Aka sa ranar Asabar. Sanyin safiya bai gama sakin gari ba muka tashi. Na yi duk abin da ya kamata. Na gaishe shi tun daga kwana har kakanninsa, bai amsa ba. Na ce ya dubi wancan sabon gini, bai duba ba. A Farin Gada ya bar tazara tsakaninsa da motocin kaya, ya rage gudu tun kafin wurin da ake sauke kabeji, ya bar wani mai keke ya yi haukarsa ya wuce. Tuƙinsa ba laifi. Amma raina bai kwanta ba. Na ce a zuciyata, wanda aka gaya wa amsa tun kafin jarrabawa, ai dole ya ci. Kowa yana iya sandarar da wuya na yini ɗaya in ya san aure ne a gaba. Abin da nake son sani shi ne ranar da ba jarrabawa, ranar da Auta za ta ce wayyo a bayansa. Wannan kuwa ban san yadda zan gwada shi ba. Muka kai Kuru muka juyo ban yanke komai ba.

A hanyar dawowa ne abin ya same ni. Watannin ƙarshe da Baba ya daina tuƙi, ni nake goya shi zuwa asibiti, kuma yakan ɗora tafin hannunsa a kafaɗata ta dama, ba riƙo ba, ajiyewa kawai. Sai na ga hannuna a kafaɗar yaron nan, daidai wurin, daidai yadda yake yi. Na ga ni ne zaune a mazaunin Baba, ni ne babba yanzu, kuma in na isa gida babu wanda zan tambaya ko na yi daidai. Kewarsa ta taso mini gaba ɗaya. Na yi ƙoƙarin dannewa na kasa. Ƙato da ni, a bayan mashin, cikin hular kwano, na fashe da kuka mai sauti, jikina yana jijjiga.

Muna cikin kwana a lokacin, hanya ta matse, gefenta rami ne da duwatsu, ga tirela a bayanmu tana huci. Na ji bayan yaron ya ɗaure. Na ga wuyansa ya motsa kaɗan, ya tsaya. Yaron da ba ya iya jin tari bai ce sannu ba, yana jin babba yana kuka a jikinsa, ya ci gaba da kallon gabansa. Bai ƙara gudu ba, bai taka birki ba. Muka fita daga kwanar, muka yi tafiya mai ɗan nisa, ni dai na ga kamar ba za ta ƙare ba. Sai da hanya ta buɗe ya sa sigina, ya dubi madubi, ya bar tirelar ta wuce, ya gangara gefe nesa da kwalta. Ya sa ƙafa a ƙasa, ya kashe mashin. Sannan ya juyo.

Fuskarsa sharkaf take da hawaye. Ya ce, "Yaya, sannu. Sannu, Yaya. Tun daga kwanar can na ji ka. Wallahi ji na yi kamar wuyana zai tsinke."

Muka zauna a kan wani dutse a bakin hanya, ni da shi, har na sami kaina. Ya ciro hankici ya ba ni, ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi. Da muka tashi na tattare bakin rigata na hau.

Baffa yana zaune a ƙofar gida a kan kujera, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Tun daga nesa yake leƙe ya ga mutum nawa ne a kan mashin. Muka tsaya, na sauka, na cire hula. Ya dubi idona da suka kumbura, ya dubi na yaron, ya ce, "Lafiya? Faɗuwa kuka yi?"

Na ce, "Ba mu faɗi ba, Baffa. Har ƙofar gida ya kawo ni."

Sai Baffa ya ce wa yaron ya je ya turo manyansa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Da na shiga zaure na tarar da Auta a bayan ƙofa, ta toshe baki da hijabi, ta ji komai. Na ce mata ta kawo yadinta na biki ranar Litinin. Ta share ido, ta ja hanci, ta ce ita Allah ya kiyaye, wurin telan zamani za ta kai.